Juwar da ta ƙi ƙarewa: yadda ake horar da ƙwaƙwalwa da tabarau mai nuna hoto

A Difa da garuruwan bakin Komadugu irin su Gagamari, wanda ya ce yana jin juwa akan ba shi shawara iri ɗaya: ya sha ruwa, ya kwanta. Shawarar tana da amfani idan zafin rana ne. Amma akwai juwar da ke kai wata uku ko fiye, kusan kullum, ta hana manomi tsallaka magudanar ruwa a gonar tattasai, ta hana mace shiga kasuwa. Irin wannan, yawan kwanciya yana ƙara mata daɗewa.

Abubuwa uku ne ke riƙe mutum a tsaye: ido, da tafin ƙafa da gaɓoɓi, da wasu ƴan bututu uku masu ruwa a can cikin kowane kunne, waɗanda ke gaya wa ƙwaƙwalwa inda kai ya juya. Idan kunne ɗaya ya samu matsala, ko ta ciwo, ko buguwa a kai, ko ƙarar fashewa, ko wasu allurai irin su gentamicine da streptomycine, sai saƙonnin su saɓa wa juna. Ƙwaƙwalwa tana iya gyara lissafinta da kanta, sai dai ba ta koyo idan mutum ba ya motsi. Wanda ya fara shiga kwale-kwale kansa yana juyawa, masunci kuwa ya saba.

Wasu majinyata ƙwaƙwalwarsu takan koma ta dogara da ido fiye da kima, ko bayan kunnen ya warke. Shi ya sa cunkoson jama'a, da wucewar motoci a kan kwalta, da kallon ruwa yana gudu, ke tayar musu da juwa. A shekarar 2017 ƙungiyar masana ta Bárány ta fitar da alamomin gane wannan larura, wadda ake kira PPPD.

Maganin ta hanyar motsa jiki ya daɗe. Tun shekarun 1940 likitoci biyu a Ingila, Cawthorne da Cooksey, suka tsara atisayen juya ido da kai da jiki, kuma har yau ana amfani da shi. Abin da ya shigo daga baya shi ne tabarau na kwamfuta da ake ɗaurawa a fuska. Wanda ya sa shi zai ga kamar yana cikin kanti ko bakin titi, in ya juya kai hoton ya juya tare da shi, alhali yana cikin ɗakin asibiti, ma'aikacin gashin ƙashi yana tsaye kusa da shi. Masu bincike a jami'ar Pittsburgh ta Amurka sun ƙera irin wannan kanti na hoto domin masu ciwon kunnen ciki.

Amfaninsa shi ne ana iya auna wahalar. A kasuwar gaske babu mai iya rage yawan mutane. A cikin tabarau kuwa ana farawa da wuri shiru na ƴan mintoci, majinyaci yana zaune. Idan ya saba, sai a tsayar da shi, a ƙara masu wucewa, a ƙara sauri. Ana so juwar ta ɗan taso, ta lafa bayan hutu kaɗan. A haka ƙwaƙwalwa ke gane cewa babu haɗari.

Shin ya fi atisayen da aka saba? Wani gwaji da aka yi a Dublin ta ƙasar Ayalan, aka wallafa a 2015, ya kwatanta atisaye da na'urar wasa ta Nintendo Wii da atisaye na gargajiya. Ɓangarorin biyu sun samu sauƙi kusan daidai, amma masu na'urar sun fi jin daɗin yin aikin. Wannan yana da muhimmanci, domin atisayen yana ɗaukar makonni, kuma da yawa sukan bari a hanya. Na'urar tana da nata cikas: tsada, da buƙatar wuta, da tashin zuciya da take sa wa wasu. Mai farfaɗiya kada ya sa ta sai da izinin likita.

Ga mazaunin Gagamari ko Difa, matakin farko shi ne sanin irin juwar. A CSI ana iya auna hawan jini, da yawan jini, da sukari, da zazzaɓi. Idan ba a ga komai ba kuma juwar ta ci gaba, a nemi takardar turawa zuwa babban asibitin jiha na Difa, a tambayi likitan kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai wata juwa ta ƴan daƙiƙoƙi da ke zuwa idan mutum ya juya a kan gado. Ƙananan tsakuwoyi ne suka kauce daga mazauninsu a cikin kunne, kuma ƙwararre yana mayar da su ta hanyar juya kan majinyaci, da dabarar Epley ko ta Bafaranshe Semont, sau da yawa a zama ɗaya ko biyu. Wannan ba ta buƙatar tabarau.

Idan likita ya tabbatar daga kunne ne, ana iya yin atisayen a gida: a kafa ido a kan babban yatsa ana juya kai dama da hagu, a yi tafiya a tsakar gida kusa da bango, daga baya a kan rairayi, sannan a je bakin kasuwa lokacin da ba ta cika ba, tare da ɗan rakiya. Ƙwayoyin kwantar da juwa na ƴan kwanakin farko ne. Shan su wata da watanni yana rage saurin sabon ƙwaƙwalwa.

Juwar da ta zo farat ɗaya tare da karkacewar baki, ko nauyin harshe, ko gani biyu-biyu, ko mutuwar hannu da ƙafa, tana iya zama alamar shanyewar ɓarin jiki. Mai ita a kai shi asibiti nan take.