Labarin Shasa da Buhun Albasar Aliero

Wannan bayani ne a kan labari, da masu ɗauko shi, da abin da ya kan jawo wa manomi da falke in an ɗauko shi a karkace.

Duk wanda ya san ƙasar Gwandu ya san babbar hanyar motar da ta taso daga Sakkwato, ta bi ta Tambuwal da Aliero, ta sauka Jega, ta ratsa Maiyama da Koko da Yawuri, ta ƙetare Kwara a Jabba, har ta dangana da Badun da Ikko. Ta wannan hanya albasar Aliero ke gangarawa Kurmi, ta nan kuma labarin Kurmi ke hawowa. Tun da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa Jega, wajen shekarar 1820, kasuwarta ta zama mahaɗar fatake. In ayari ya sauka zango, kafin a kwance kaya a kan tambayi madugu labarin hanya, watau wane gari ke zaune lafiya, wane gulbi ya kawo, nawa a ke sayar da goro. Labarin wancan zamani yana da mai shi, an san fuskarsa, in kuwa ya yi ƙarya baɗi zai komo ya tarad da ita tana jiransa.

Daga baya takarda ta shigo. A watan Janairu 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Malam Abubakar Imam ne editanta, cikin dalilan kafa ta kuwa har da kashe ji-ta-ji-tar da ta bazu cewa Ingila za ta miƙa ƙasar nan ga Jamus. Lardin Sakkwato ya sami tasa jarida mai suna Zaruma bayan 1950. BBC ta soma magana da Hausa a 1957, rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962. Yau ga waya a aljihun kowane ɗan kamasho, da Facebook da WhatsApp a cikinta. Kowane sabon abu ya ƙara wa labari gudu, ya kuma ƙara ɓoye fuskar mai kawo shi.

To, a duba abin da ya auku a kasuwar Shasa ta Badun, inda motocin albasa da tumatir da tattasai na Arewa ke sauke kaya. Ran Alhamis 11 ga Fabrairu 2021 wani ɗan dako ya zubar da tumatir a bakin shagon wata mace, cacar baki ta tashi, wani mai gyaran takalma ya shiga tsakani, aka buge shi, kashegari ya cika. Sai wuta ta tashi, aka yi asarar rayuka, aka ƙone shaguna da gidaje na Hausawa da na Yarbawa, har Gwamnan Oyo, Seyi Makinde, ya rufe kasuwar ya sa dokar hana fita.

Wannan shi ne ƙashin bayan labarin, amma ba haka ya isa kunnuwan jama'a ba. Ya karkace a wuri huɗu.

Na farko, inda a ke soma shi. Mai ba da labari a Kurmi ya kan soma da gawar mai gyaran takalma, mai ba da shi a Arewa ya kan soma da mata da yara da suka gudu suka cika gidan Sarkin Shasa. Ba wanda ya yi ƙarya cikinsu, amma kowa ya miƙa rabi, rabin gaskiya kuwa ya kan fi ƙarya saurin hura wuta, gama ba a iya ƙaryata shi.

Na biyu, sunan da a ke kiran mutane. Da aka daina cewa ɗan dako da mai shago, aka koma cewa Bahaushe da Bayarabe, faɗan mutum uku ya zama na ƙabila biyu. Kunnuwa kuwa dama a shirye su ke, domin a watan Janairu na shekarar Sunday Igboho ya ba Fulanin Igangan wa'adin tashi, jaridu suka yi mako da makonni suna juya zancen.

Na uku, ƙidaya da hoto. Yawan mamatan da wannan jarida ta buga bai dace da na waccan ba, hotuna kuwa suka yi ta yawo cikin wayoyi ba mai sanin wanda ya ɗauke su, balle rana ko gari. Sai da gwamnonin Kebbi da Kano da Zamfara da Neja suka taka da ƙafarsu zuwa Shasa a tsakiyar watan, sa'an nan Gwamnan Kebbi na lokacin, Abubakar Atiku Bagudu, ya bayyana wa 'yan jarida cewa akwai tsohuwar jayayya a kan shugabancin kasuwar tun kafin tumatir ya zube. Wannan bayani shi ne mafi amfani ga mai son fahimta, amma ya iso bayan zukata sun riga sun yanke hukunci.

Na huɗu, zaɓen kalma. Ran 25 ga Fabrairu ƙungiyar masu fataucin abinci da dabbobi ta tsai da kai kaya Kudu, tana neman diyya da tsaron 'ya'yanta, aka tare motoci wajen Jabba. A Arewa aka kira abin yajin aiki, watau kukan wanda aka cuta. Jaridun Kudu da yawa suka kira shi toshe hanyar abinci, watau horon jama'a da yunwa. Abu guda ne, suna biyu, kowane suna kuwa yana gaya wa mai karatu wanda zai ji wa haushi. An janye ran 3 ga Maris, bayan Gwamnan Kogi na lokacin, Yahaya Bello, ya shiga tsakani.

Cikin 'yan kwanakin nan kayan miya suka yi tsada ƙwarai a Ikko, a Arewa kuwa suka faɗi warwas. Abin ya zo daidai lokacin da albasar rani ke fitowa. Mai hali ya iya jibge tasa a rudu ya jira, amma wanda ya ci bashin taki da man injin ban ruwa ba shi da halin jira, albasa kuwa ba gero ba ce. Talakan Kudu ya sayi tsada, talakan Arewa ya sayar da araha, alhali ba ɗayansu da ya je Shasa.

Kada mai karatu ya ɗauka jarida abokiyar gaba ce. Asarar fatake gaskiya ce, ba don 'yan jarida sun buga ta ba da hukuma ba ta waiwaye su ba. Sai dai a san halin sana'ar. Manyan jaridun Turanci da yawa a Ikko da Badun su ke, Nigerian Tribune ma Cif Obafemi Awolowo ne ya kafa ta a Badun a 1949, Daily Trust kuwa a Abuja ta ke. Kowace tana da masu sayenta da masu ba ta talla, kowace tana tseren riga 'yar'uwarta bugawa, wakilinta kuma ya kan fi jin harshen wanda ya ke kusa da shi. Mai tura saƙo a waya ya fi haɗari, domin ba edita a kansa, ba kuma wanda zai kai shi ƙara. Jama'a ba su manta da watan Agusta 2014 ba, sa'ad da saƙo ya zagaya cikin dare cewa ruwan gishiri na kare mutum daga Ebola, aka sha aka yi wanka, har wasu suka rasa rayukansu.

Maganin abin ba baƙo ba ne ga almajirai. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ta yi umurni da a nemi tabbaci kafin a yi aiki da labarin wanda ba a amince da shi ba, don kada a cuci mutane cikin rashin sani a komo ana nadama. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai sun bi isnadinta, sun san wa ya faɗa, daga wa ya ji, ko ya halarta. Ba baƙo ba ne ga fatake kuma. Dillalin Aliero ba ya taya buhu don manyan albasar da aka jera a bakinsa, sai ya sa hannu ya laluba ciki. Kanun labari shi ne bakin buhu.

Saboda haka in labarin tashin hankali ya iso tasha ko zaure, a tambayi rana da gari da wanda ya gani. A saurari gidan rediyo fiye da ɗaya. A kira mai masauki ko direban da ke can, a ji daga bakinsa. In an rasa duk wannan, a riƙe saƙon kada a tura, gama magana zarar bunu ce. Allah Ya kiyaye hanya, Ya sa albarka a kasuwa.