Fom ɗin ƙidaya: yaushe ya kamata a buɗe shi?

Ɗan Talata Mafara da ke son sanin yawan mutanen garinsu a zamanin Turawa, Kaduna zai nufa, gidan adana takardun tarihi na ƙasa, inda fayilolin tsohon Lardin Sakkwato suke. A can zai tarar da lissafin da jami'an mulki suka bari: maza kaza, mata kaza, shanu kaza. Don haraji da jangali aka yi lissafin, shi ya sa kakanninmu suka riƙa ɓoye samari da shanu idan malamin haraji ya shigo gari. Har yau tsoron nan bai gama fita daga zukatan mutane ba.

Kowace ƙidaya takarda iri biyu take haifarwa. Akwai jimla, wadda Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bugawa kowa ya gani, kamar ta 2006 da ta ba Zamfara mutum miliyan 3.2 da ɗoriya. Da ita ake duba rabon kuɗi da yankan mazaɓu. Akwai kuma fom ɗin gida-gida, mai ɗauke da suna da shekaru da aure da sana'ar kowa, wanda aka cika bisa alkawarin sirri. A kansa gardama take.

Masu bincike suna da hujja mai ƙarfi. Ruwan madatsar Bakolori ya cinye ƙauyuka da gonaki, kuma a watan Afrilun 1980 an zubar da jinin manoman da suka tsaya kan diyyarsu. Jikan da ke neman sanin su wa suka zauna a ƙauyen kakansa kafin ruwa ya tashe su, jimla ba za ta amsa masa ba. Suna yake nema.

Amma a duba halin da Maradun da Bakura suke ciki. Inda 'yan bindiga ke sayen labari a hannun infoma, takardar da ta nuna wane ɗan kasuwa ne, 'ya'yansa kaza, makami ce. Ko a Amurka, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, an yi amfani da bayanan ƙidaya wajen tsare 'yan asalin Japan.

Maganin da wasu ƙasashe suka samo shi ne jira. Amurka takan rufe fom shekara 72, don haka sai a 2022 ta buɗe na 1950. Ingila shekara 100 take jira. Mu muna da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 da dokar kare bayanan mutum ta 2023, amma ba wadda ta yanka wa'adin buɗe fom ɗin ƙidaya a cikinsu.

Ni shekara 100 na zaɓa, domin a wurinmu sirrin gida yakan daɗe bayan mai gidan ya rasu. Sai dai jira ba shi da amfani in gara ta riga jikoki. Sanatan Zamfara ta Yamma da 'yan majalisarmu na tarayya su kai ƙudurin da zai yanka wa'adin, ya kuma wajabta adana fom ɗin har ranar buɗe shi.