Abin da Wasiyyoyin Ingila Ba Su Faɗa Ba

Wanda ya karanta wasiyyoyin da mutanen Ingila suka bari a ƙarni na 14 da na 15 zai iya zaton iyayen lokacin sun yi watsi da ɗan fari. Sai ka ga an ba 'ya tukunyar tagulla, mata ta samu katifa da barguna, an ware kuɗin kyandir na cocin unguwa, shi kuwa babban ɗa ko a tsallake shi ko a bar masa zobe kawai. Wannan zato kuskure ne, domin ba wasiyya ke raba ƙasa ba. A mafi yawan Ingila dokar sarki ta riga ta danƙa gonaki ga babban ɗa namiji shi kaɗai, matar mamaci kuma ta ci amfanin kashi ɗaya cikin uku muddin ranta. Abin da ya rage a hannun mai wasiyya shi ne kuɗi da dabbobi da kayan gida, su ma a Landan da lardin Yok uku ake kasa su: sulusi na mata, sulusi na 'ya'ya, sulusi na mamaci, wanda galibi ke ƙarewa wajen sadaka da biyan malaman coci su yi masa addu'a.

Wani zai ce ai wasiyyoyi da dama suna ambaton gonaki ƙarara. Haka ne, amma ta bayan gida aka bi. Mutum tun yana raye sai ya mallaka wa wasu amintattu ƙasarsa a takarda, ya ci gaba da cin amfaninta, ya bar musu umarnin yadda za su yi da ita bayansa. Tunda a idon doka bai mutu da ƙasa ba, babban ɗa ba shi da ta cewa, sarki ma ya rasa kuɗin da yake karɓa a kan gado. Shi ya sa Sarki Henry na Takwas ya toshe hanyar a 1536, masu ƙasa suka fusata, dole a 1540 ya halatta wasiyya a kan yawancin ƙasa.

Dabarar kuwa ba ta rasa haɗari, don komai ya dogara ne a kan amana da shaidu. Da Sir John Fastolf ya mutu a 1459, John Paston, ɗaya daga cikin amintattunsa, ya ce da baki mamacin ya bar masa gidajensa da gonakinsa. Wasu daga cikin amintattun suka ƙaryata, aka shekara goma ana ja, har a 1469 basaraken Norfolk ya kewaye ganuwar Caister, ɗaya daga cikin gidajen da ake jayayya a kansu, da mayaƙa ya ƙwace ta daga iyalin Paston.