Gargaɗi ga masu karɓar tallafin sayen gidan farko a Ostireliya

'Yan'uwa mazauna Ostireliya, duk wanda ya karɓi tallafin gwamnati na sayen gidan farko, ko yake shirin cike takardunsa, ya sani cewa da sharaɗi ake ba da kuɗin nan. Wanda ya saɓa, hukumar harajin jiharsa za ta karɓe kuɗinta, kuma tana iya ɗora masa tara.

An fara tallafin ne ranar 1 ga Yuli, 2000, da dala 7,000, kuma kowace jiha da dokarta. New South Wales da Victoria suna ba da dala 10,000 kan sabon gida. Queensland ta ɗaga nata zuwa 30,000 a Nuwamban 2023.

Inda aka fi faɗawa shi ne sharaɗin zama. Dole ka tare a gidan cikin wata 12 bayan an kammala ciniki, ya zama nan ne mazauninka na gaskiya. A Victoria sai ka zauna wata 12 a jere. Haka ma a New South Wales, ga cinikin da aka ƙulla daga 1 ga Yuli, 2023. A Queensland wata 6 ne. Idan ka zuba 'yan haya kai kana kwana wani wuri, ko ka bar wa ƙaninka gidan ka koma wata jiha aiki kafin wa'adi ya cika, ka karya sharaɗi. Ajiye katifa da akwati a ɗaki ba zama ba ne. Masu bincike suna duba wutar lantarki da ruwan da aka sha a gidan, da adireshin lasisin tuƙi, da rajistar zaɓe, da takardun haya.

Sharaɗi na biyu shi ne tarihin abokin zama. Idan matarka ko mijinki ya taɓa karɓar tallafin a ko'ina cikin ƙasar, ba ku cancanta ba, ko da sunansa ba ya cikin takardar gidan. Ɓoye aure a fom laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa.

A New South Wales da Queensland tarar tana iya kaiwa daidai da kuɗin tallafin, wato ka biya ninki biyu. Idan an yi maka rangwamen harajin sayen gida, shi ma za a dawo a kansa har da kuɗin ruwa. A New South Wales bashin yana hawa kan gidan kansa.

Don haka, in larura ta taso, kamar tafiya jinyar mahaifi ko sauyin wurin aiki, rubuta wa hukumar tun kafin ka fita. Kwamishinan haraji yana da ikon sassauta wa'adi idan uzurin ya gamsar da shi. In kuwa an riga an saɓa, a Victoria da New South Wales kwana 14 doka ta ba ka ka sanar, ka mayar da kuɗin.

Wanda takardar biya ta iske, kada ya jefa ta a durowa. Yana da kwana 60 ya shigar da ƙorafi a rubuce. In an ƙi, sai kotun sauraron ƙorafi ta jiharsa: NCAT a New South Wales, VCAT a Victoria, ko QCAT a Queensland. A can kai ne za ka kawo shaidar cewa ka zauna, kuma "ban sani ba" ba ta wanke kowa.

Ku adana rasit na wuta da ruwa da intanet tun ranar tarewa, ku nemi lauya kafin kwana 60 su cika, kuma ku isar da wannan ga duk ɗan'uwan da ya sayi gida kwanan nan.