Maijego, bireziyar lefe ta yi miki kaɗan

Tun da wayar hannu ta shiga ɗakunan mata, motsa jiki ya daina zama na 'yan ƙwallo da sojoji kaɗai. A Ƙaraye da Rogo yanzu ba abin mamaki ba ne ka ji amaryar bara da ta haihu bana tana tsallen igiya a tsakar gida bayan sallar asuba, ko malamar makaranta tana zagaya fili da sassarfa kafin yara su iso. Wasu a TikTok suka gani. Wasu likita ne ya ce su rage ƙiba saboda hawan jini ko ciwon suga. Wasu kuwa tumbin haihuwa ne ya ƙi komawa, habaicin dangin miji ya ishe su. Duk wannan ba laifi, ina ma cikin masu cewa a ƙara himma. Abin da ke ɓata mini rai shi ne azabar da ake gana wa nono a garin haka, nonon da jariri ba shi da wani abinci sai shi.

Wata ƙanwata ta dangi da ke aure a wani ƙauye kusa da Rogo ta dawo daga wankan jego, arba'in ba ta daɗe da wucewa ba, sai ta kama tsallen igiya. Da ta ji nono yana girgiza har yana yi mata zafi, sai ta buɗe akwatin lefe ta ɗauko bireziya biyu, irin masu ƙarfen nan a ƙasa, ta ɗora ɗaya a kan ɗaya. Bai ishe ta ba, ta kawo ɗankwali ta zagaya ƙirji ta ɗaure tamau a baya. A tuna fa, waɗannan riguna tun tana budurwa aka sayo su, kuma ko a lokacin ba wanda ya auna ta, ƙannen ango ne suka shiga kasuwa suka kwaso dozin da ka. In ta gama tsallen ba ta kwancewa. Daga nan sai murhu, sai shara, sai wankin kayan jariri, har azahar tana ɗaure. In yaro ya yi kuka ta ɗage rigar sama ta ba shi, ƙarfen ya koma ya danne saman nonon yana nitsewa cikin tsoka har yaron ya ƙoshi.

Ranar da na je na ga ƙirjinta, shatin ƙarfen ya kwanta ja wur tun daga hammata har tsakiya, fatar ƙasan nonon ta saɓule saboda gumi. Na ce, "Ke kuwa wa ya sa ki wannan aiki?" Ta ce, "Anti, ai in ban ɗaure ba zubewa zai yi."

Ba a jima ba wani gefe kusa da hammata ya yi tauri, ya ɗauki zafi, zazzaɓi da rawar ɗari suka biyo baya. Aka ce maleriya ce, aka aika yaro kemis ya karɓo magani. Da nonon ya kumbura ya yi sheƙi, sai uwar mijinta ta yanke hukunci: guje-gujen nan ne ya dama nonon ya lalace, kada a sake ba jikanta. Aka koma ba shi ruwa da madarar gwangwani, ita kuma ana gasa mata wurin da ruwan zafi ana murzawa da ƙarfi wai ya fashe. Da aka ga abin ya fi ƙarfin gida aka kai ta asibiti, ya riga ya tara mugunya, sai da aka tsaga aka matse. Yaron da yake ɓul-ɓul ya zube da gudawa. Garin neman gira aka kusa rasa ido.

Ba gudun ne ya jawo ba, kuma wannan ya kamata iyayenmu su ji da kyau. Tun 1994 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis a Amurka, ƙarƙashin Kathryn Dewey, suka gwada mata masu shayarwa da ke motsa jiki a kai a kai, suka tarar ba yawan ruwan nonon ba ingancinsa da ya ragu, jariran kuma suna girma daidai da na sauran. A watan Janairun 2019 wata likitar dabbobi 'yar Birtaniya, Jasmin Paris, ta lashe tseren Spine Race mai tsawon mil 268 a kan duwatsu cikin hunturu, ta wuce maza duka, alhali tana tsayawa a hanya tana tatsar nono saboda 'yarta ba ta gama barin mama ba. To wadda ta zagaya tsakar gida na minti ashirin nononta ne zai lalace?

Matsewa ce matsalar. Nono ba shi da tsokar da za ta riƙe shi, fata ce da wasu siraran zaruruwa a ciki suke ɗauke da nauyinsa. Shi ya sa girgiza take da zafi. Masu bincike a Jami'ar Portsmouth ta Ingila sun auna sun ga nonon mace mai gudu ba tare da tallafi ba yana iya yin motsi har kusan santimita 15, sama da ƙasa da gefe da gefe. Na mai shayarwa ya fi nauyi, don haka ya fi jin jiki. Neman abin da zai riƙe shi daidai ne. Amma a cikinsa akwai ƙananan hanyoyi da ruwan nono ke bi zuwa baki, wasu har can wajen hammata suka faro. Duk manomin rani da ke jan ruwa daga madatsar Challawa ya san abin da ke faruwa in aka ɗora dutse a kan tiyo: gaba ya ƙafe, baya ya kumbura. Haka ƙarfen bireziya da ƙullin ɗankwali suke yi. Ruwan ya taru a bayan wurin da aka danne, wurin ya kumbura, in kan nonon yana da tsaga ƙwayoyin cuta su samu ƙofa.

Shi kuwa tsoron zubewar da ke sa 'yan matanmu wannan ganganci, wani bincike da likitan fiɗa Brian Rinker na Jami'ar Kentucky ya fitar a 2008 ya nuna ba shayarwa ce ke kwantar da nono ba. Yawan ɗaukar ciki ne, da shekaru, da ƙiba, da shan taba. Wato abin da zai faru tun cikin wata tara ya faru, ɗankwali ba zai dawo da shi ba.

Akwai rigar nono da aka yi musamman don gudu. A 1977 wasu mata uku a jihar Vermont ta Amurka, Lisa Lindahl da Polly Smith da Hinda Miller, suka fara ɗinka ta, yau kuma har cikin dilar gwanjo ta Ƙofar Wambai ana tsintar ta. Duk wanda ya ga 'yan mata masu yi wa ƙasa hidima suna faretin asuba a sansanin Kusalla na nan Ƙaraye ya san kayan nan ba baƙi ba ne a wajenmu. Sai dai ko a can hukumar NYSC ta ɗauke wa masu ciki da masu shayarwa zaman sansanin na mako uku, don an san jikinsu ba ɗaya ba ne da na sauran. Ita ma rigar ba kowace iri ce ta dace da maijego ba. Wadda ta fi yawa a kasuwa ita ce mai kama da guntuwar singileti ta roba, wadda ake zurawa ta ka, ta lafe nonuwan biyu da ƙirji. Ga budurwa mai ƙaramin ƙirji ba komai. Ga mai shayarwa kuwa ɗankwalin nan ne dai aka canza masa kama, ga wahalar cirewa in jiki ya jiƙe yaro yana tsala ihu.

Ki nemi wadda kowane nono yake da mazauninsa daban, ya shige gaba ɗaya ba tare da wani ya ɓullo ta sama ko ta hammata ba. Kada ta kasance da ƙarfe. In kin samu mai kyau amma da ƙarfe, ki farke ɗan gefen ki zare shi. Hannayenta su zama masu faɗi, waɗanda ake iya ragewa da ƙarawa, domin sirara kafaɗa suke yanka. Ta zama mai maɓalli a baya jeri biyu ko uku, saboda ƙirjin mai shayarwa na safe daban na yamma daban. In an dace da mai ɗan maƙali a gaba da ake ɓallewa a ba yaro, to madalla. Yawancin nauyin ba hannaye ne ke ɗauka ba, ɗamarar ƙasa ce, don haka ita za ki fi dubawa: ta zauna daram a kan haƙarƙari, kada ta haura sama ta baya, kuma yatsunki biyu su iya shiga ƙarƙashinta. Ki ja dogon numfashi. In numfashin ya tsaya a wuya, ta yi kaɗan. Ki ɗan yi tsalle, ki ɗaga hannu sama. In kin cire kin ga shati ya kwanta a kan nonon kansa, ki bar ta ko nawa kika saya.

Awon ma ba wani abin wahala ba ne. Ba unguwar da ba tela mace, ko dillaliya mai kawo kayan mata har ɗaki. Ki ari tef ɗin awo ki zagaya ƙasan nono, ki sake zagaya inda ya fi tudu, a lokacin da yake cike kafin ki shayar, ki rubuta a takarda. Kada ki yi gaggawar saye a makonnin farko, lokacin nono bai daidaita ba, ki bari sai bayan arba'in. Maza kuma, tunda galibi ku ne kuke shiga Kano ku yo sayayya, don Allah ku daina nuna wa mai shago da hannu kuna cewa "kamar dai haka take." Ku karɓi takardar. Kunyar me? Mutum bai ji kunyar tara jama'a ranar suna ba, sai wajen sayen rigar da za ta kare abincin ɗansa.

Amma ko wadda ta fi kowace tsada kika saya, in kika wuni da ita kin koma gidan jiya. Wannan shi ne abin da na fi so a riƙe, kuma shi ne aka fi yin sakaci da shi. Rigar gudu ta lokacin gudu ce kawai. Ki shayar da yaro tukuna, ko ki tatse, nonon ya yi sauƙi sannan ki sa ta. Kina gamawa ki cire, kafin ki hura wuta, kafin ki ɗauki tsintsiya, kafin ki duba saƙon WhatsApp. Ki wanke ƙirji ki tsane, musamman ƙasan nono, don wasu jariran suna ƙin kamawa in sun ji gishirin gumi, daga nan kuma ake fara cewa nono ya yi tsami. Ki wanke rigar ki shanya a rana, ba a bayan ƙofa ko ƙarƙashin katifa ba don gudun idon mutane. A zafin Maris da Afrilu rigar da ta sha gumi aka sake mayar da ita jiki, ƙuraje da ƙaiƙayi take haifarwa. Kada ki kwana da ita. Kuma ki sha ruwa sosai.

Wannan magana ba ta masu tsallen igiya kaɗai ba ce. Wadda ke daka da surfe, da wadda ke hawa bayan babur a kan hanyar ƙauye mai gargada zuwa awo ko rigakafi, girgiza ɗaya suke sha, kuma na ga da yawa suna yin irin wannan ɗaurin.

Shi kansa gudun kada a yi masa garaje. Ƙa'idar da wasu masana gashin ƙashi na Birtaniya suka fitar a 2019 ta ce a jira aƙalla mako 12 bayan haihuwa kafin a koma gudu, a fara da tafiya mai ɗan sauri. Cikar arba'in ba ta nufin ƙugu da mara sun gama komawa. Wadda aka yi wa tiyata, ko wadda take jin fitsari na ɗigo mata in ta yi tsalle, ko take jin nauyi a ƙasanta, ta ga ma'aikaciyar lafiya tukuna.

In kuma an riga an makara, wani gefe ya yi tauri yana zafi, to a kwance duk wani ɗauri nan take, a ci gaba da ba yaro wannan nonon kamar yadda aka saba. Ba zai cutar da shi ba, hana shi ne ke ƙara cunkushe wurin. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa, kuma kumburin nono ba ya cikin dalilan karya wannan. A ɗora tsumma mai sanyi bayan shayarwa, a bar murza da ƙarfi, a bar shafe-shafen toka da kanwa, kada kuma a kira wanzami ya yi sakiya. In zazzaɓi ya shigo, ko aka kwana aka wuni ba sauƙi, a tafi asibiti mafi kusa, a Ƙaraye ne ko a Rogo, a faɗa wa ma'aikaci ƙarara cewa nono ne ke ciwo, kada a tsaya a "jikina ne ba daɗi" a karɓo maganin maleriya a dawo. Ƙullutun da ya yi mako biyu bai baje ba, ko da ba ya zafi, a nemi takardar zuwa babban asibiti a Kano, Murtala ko na Malam Aminu Kano, a yi hoto a tabbatar ba wani abu ne daban ba.