Mai Gida Ma Ɗan Haya Ne

Unguwar Kawaji tana cikin ƙasar Nasarawa ta Kano, maƙwabciyar Dakata da 'Yankaba, wajen hanyar Haɗeja. Gidajen haya suna da yawa a cikinta, domin attajiran Kano sun daɗe da sanin cewa haja takan lalace, kasuwa takan faɗi, amma ƙasa ba ta ruɓewa. Mutum ya sami riba a Kwari ko Singa, sai ya sayi fili ya ɗora ɗakuna, ya zuba 'yan haya. In shekara ta kewayo ya aika a karɓo masa, wanda ya yi jinkiri kuwa ya sha magana. To, abin da masu gidaje da yawa suka mance shi ne, su ma akwai wanda yake binsu kuɗin shekara, shi kuwa ba ya aiko yaro, sai sanarwa da wa'adi.

Asalin maganar tsoho ne. Kafin zuwan Turawa ƙasa tana hannun sarki da hakimai da dagatai, talaka yana da gonarsa da gidansa, 'ya'yansa su gada, shaidarsa kuwa dattawan unguwa. Malaman Sakkwato ba su bar wannan babi ba, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi talifi musamman a kan hukuncin ƙasa, watau Ta'alimur Radi. Turawa suka ci Kano a 1903, a 1910 suka yi doka cewa ƙasar Arewa duka tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita domin amfanin mutanenta. Daga nan satifiket ya fito. Da fari abin kamfanonin Turawa ne da baƙi, irin waɗanda aka yanka wa filaye a Nasarawa da Bompai, mutumin birni bai san da shi ba. Gwamnatin Jihar Arewa ta sabunta dokar a 1962, kāna ran 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta shimfiɗa irin wannan tsari a Nijeriya baki ɗaya.

Wanda ya sa aka karanta masa satifiket ɗinsa zai ji abin da bai zata ba. Takardar ba ta ce ƙasar tasa ce har abada ba. Izinin zama aka ba shi, galibi na shekara casa'in da tara in gidan kwana ne, bisa sharaɗin ya riƙa biyan kuɗin ƙasa kowace shekara. Dokar 1978 ta hana shi sayarwa ko jingina sai da yardar Gwamna, ta kuma ba Gwamna ikon ɗora masa ƙarin kuɗi na horo in ya saɓa sharaɗi, har ma da soke izinin. Shekaru masu yawa waɗannan sharuɗɗa suna barci cikin akwati, ba mai tambaya, har mutane suka ɗauka sun mutu.

A nan ne lamarin unguwa irin Kawaji ya ke da wuya. Wani gidan a filin gwamnati ya ke, mai lamba da taswira. Wani kuwa awon igiya ne, gonar wani ce aka yayyanka, ba shi da komai sai takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu. Ko mai satifiket ɗin ma, sau da yawa sunan da ke jiki ba na mai karɓar haya ba ne. A ɗauka wani ya sami fili zamanin Gwamna Audu Bako, ya sayar, wanda ya saya ya rasu, aka raba gado gidan ya faɗa wa 'ya'ya mata uku da uwarsu, da kuɗin hayarsa su ke ci. Dillali ya ci la'adarsa tun tuni, alƙali ya yi rabo daidai, amma a littafin gwamnati har yanzu mutumin farko ne mai gida, bashin shekarun nan duka kuma yana nan rubuce a kan filin. Ba wanda ya yi nufin ha'inci a cikinsu. Sun dai bi al'adar da kowa ke bi.

Cikin watan Nuwamba na 2024 gwamnatin Kano ta Abba Kabir Yusuf ta buɗe aikin sabunta takardun filaye ta hannun hukumar KANGIS, wadda ke ajiye bayanan filaye cikin kwamfuta. Aka umarci duk mai tsohon satifiket ya kawo a tantance a ba shi sabo, aka sa ƙarshen Janairu 2025 ya zama wa'adi, tare da gargaɗin cewa wanda ya ƙi yana iya rasa izininsa. Daga baya aka ƙara wa'adin. Hujjar gwamnati ba abin rainawa ba ce, don kowa a Kano ya san labarin fili ɗaya mai takarda biyu, da shari'ar da kan ci shekaru har masu yinta su mutu su bar wa 'ya'ya.

Wanda ke so ya ga inda irin wannan gargaɗi kan kai, ya dubi Abuja. A watan Maris 2025 Ministan birnin, Nyesom Wike, ya soke izinin filaye 4,794 saboda bashin kuɗin ƙasa na shekara goma ko fiye. Ran 26 ga Mayu aka fara garƙame gine-gine, har da hedkwatar jam'iyyar PDP. Shugaban Ƙasa Tinubu ya sa baki aka ba da kwana goma sha huɗu, amma bayan bashin sai an biya tara: naira miliyan 5 a tsakiyar birni, miliyan 3 a Maitama da Asokoro, miliyan 2 a Garki.

Takardar haya ita ma ba ta tsira ba. A watan Yuli 2020 hukumar tara haraji ta Tarayya ta ce masu gidaje da wakilansu su riƙa karɓar kuɗin kan sarki na kashi shida cikin ɗari a kan yarjejeniyar haya. Da jama'a suka yi ca, sai ta bayyana cewa wannan na hayar da ta wuce shekara ashirin da ɗaya ne, gajeriyar haya kuwa kwabo 78 ne cikin naira ɗari. Watau a lokacin gidan naira 500,000 kan sarkinsa naira 3,900 ne. Kuɗin ba shi da yawa, amma haya a unguwanni mafi yawa da baki a ke ƙulla ta, sai ran da rigima ta kai gaban alƙali a ke neman takarda.

Almajirai sukan tambaya ko tarar jinkiri ba riba ba ce. Ƙari a kan bashi saboda jinkiri tsakanin mutum da mutum, wannan ba saɓani a kan haramcinsa, mai gida ba shi da ikon ɗora wa ɗan haya. Horon hukuma da dukiya kuwa babi ne dabam, mafi yawan magabata sun ƙi shi, waɗansu sun halatta, cikinsu har da Abu Yusuf almajirin Abu Hanifa. Rubuta ma'amala dai ba baƙon abu ba ne gare su, aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani a kansa ta sauka.

Abin dubawa shi ne wanda tarar ke sauka a kansa. Attajiri mai gidaje goma yana da lauya da akawu, zai biya, shekara mai zuwa ya fanshe a wuyan 'yan haya. Matan nan uku da uwarsu kuwa, kafin a ko saurare su sai sun nemo takardar rabon gado daga kotu, sun nemo takardar cinikin mahaifinsu, sun kuma nemo magadan mutumin farko, waɗanda watakila sun bar Kano shekara talatin da suka wuce.