Zargin da ya taso ana tsakiyar shari'ar riƙo

Aure ya mutu, ana gaban alƙali kan wa zai riƙe 'ya'ya, sai uwa ta ce yarinyarta ta dawo daga gidan uba tana kuka in za ta yi fitsari, har ta ambaci sunan wani a gidan. Kafin ta rufe baki an gama yanke mata hukunci a zaure: sharri ne, zafin saki ne, so take ta ƙwace yara. Dattawan da ke faɗin haka ban ɗauke su azzalumai ba. Sun ga yadda gaba ke sa mutum ya faɗi abin da bai faru ba, suna kuma tsoron ƙazafi, mai haddin bulala 80. Tsoron yana da tushe. Inda na saɓa musu shi ne sun ɗauki abin da ke faruwa jefi-jefi sun mai da shi ƙa'ida.

Babbar hujjarsu ita ce: me ya sa sai yanzu? Yaro ba ya iya tona wanda suke kwana gida ɗaya; sai ya yi nisa da shi bakinsa ke buɗewa. Matar da ke ɗakinta kuwa, in ta ga alama, haƙuri da rufin asiri ake ba ta. Bayan saki ne kuma yarinya ke zuwa gidan uban ita kaɗai, ba idon uwa a kanta. Sau da yawa ma ba uban ake zargi ba, ƙaninsa ne ko ɗan haya, kamar yadda uba ke iya kawo irin wannan kuka kan sabon mijin uwar. A Kanada an bi diddigin binciken hukumomin kare yara na 1998. Cikin ƙorafin cin zarafi da sakaci da suka zo lokacin rikicin riƙo, kashi 12 cikin 100 ne aka ɗauka ƙarya ce da gangan. Ya fi kashi 4 na gaba ɗayan ƙorafin, amma ina 12 ina "duk sharri ne"?

Akwai kuma tambayoyi biyu da muke cakuɗawa. Ɗaure mutum yana buƙatar hujja mai ƙarfi, kuma Dokar Shaida ta 2011 ba ta yarda a hukunta kowa da maganar yaro ɗan ƙasa da shekara 14 wanda bai yi rantsuwa ba, sai da wata shaidar da ta ƙarfafa ta. Daidai ne. Amma inda yarinya za ta kwana yau wata tambaya ce daban. Malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta wa mai riƙo amana, Muhtasar na Halil ya ƙara da cewa wurin ya zama amintacce ga yarinyar da ake ji wa tsoro. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta fara ne da fifita maslahar yaro. Alƙali na iya ajiye ta wurin kakarta, uba ya riƙa ganinta a gaban amintaccen mutum, ba tare da an kira kowa mai laifi ba.

Abin da ya fi sosa min rai shi ne kwanakin da ake ɓatawa wajen sulhu. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki. Ga cibiyar Waraka a asibitin Murtala na Kano, ga cibiyoyin Salama a Kaduna, an buɗe su ne don kula da waɗanda aka yi wa irin wannan cin zarafi. Maimakon a kai yarinyar can, sai gwaggo ta tambaye ta, kawu ya tsare ta, har maganarta ta rikice, sannan a ce ai ga shi tana sauya zance. Uban da bai aikata komai ba ma ya yi asara: binciken likita da na 'yan sanda ne zai iya wanke shi a rubuce, sulhun zaure kuwa ya bar shi da raɗe-raɗin unguwa har 'yarsa ta girma.